Kundin Aikin Shafukan Majigi: Neman Injin Matsar Man Gyada

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An ba mu rana. Talata 11 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe, za mu tsaya gaban kwamitin banki mu yi bayanin abin da muke nema. Minti 15 suka ba mu, sai tambayoyi su biyo baya. Jami'in da ke riƙe da takardunmu ya ce akwai majigi a ɗakin taronsu, mu zo da bayaninmu a shafukan PowerPoint. Hajiya shugaba ta juyo ta ce, "Sakatariya, ke ce mai boko a cikinmu, wannan aikin naki ne."

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyar gama-kai ce ta mata 24, man gyada da ƙuli-ƙuli muke yi. A Dawanau muke saro gyada, mu soya, mu kai niƙa, sannan mu matse da hannu. Matsar nan ita ke ja mu baya. So muke banki ya saya mana injin matsar mai da na suya a tsarin murabaha, wato su saya su sayar mana da ribar da aka yi ittifaƙi a kai, mu biya kashi-kashi. Fatanmu a gama magana kafin azumi, lokacin da mai ya fi tafiya.

Word da Excel na iya daidai gwargwado, da su nake riƙe lissafin ƙungiya. Tsara shafin majigi kuwa sabon abu ne a wurina. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, don na san akwai ƙungiyoyi irin tamu da za a ce su ma su zo da shi. Kwamfutar ta ƙanena ce, yana ba ni daga bayan isha'i.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na sauko da wani samfuri na kyauta daga intanet, mai bango shuɗi mai duhu da adon ruwan zinariya a gefe-gefe. Na kwashe abin da ke cikin takardar neman jarinmu na zuba: tarihin ƙungiya, manufofi, muƙaman shugabanni, lissafin wata-wata. Shafi 27 ya fito.

Ƙanena ya ɗora kwamfutar a kan kujera, ya ce in koma bakin ƙofa in karanta masa shafi na shida. Daga nan kanun kawai nake gani, sauran ya zama baƙi-baƙi. Ya ce, "Yaya, haka wanda ke kujerar baya zai gani. Wanda ke gaba kuma karatu zai kama, ba zai saurare ki ba." Maganar ta biyu ce ta fi zaunar min. Ido ya fi baki sauri. Kafin mai magana ya kai rabin shafi, mai kallo ya gama karantawa, ya zauna yana jiran abin da ya riga ya sani.

Ga kuma lissafi: minti 15 idan aka raba wa shafi 27, kowanne daƙiƙa talatin da 'yan kai zai samu. Na rufe fayil ɗin.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ban taɓa kwamfuta ba. Na yanyanka wani tsohon kwali gida-gida kamar girman tafin hannu, na ce kowane gutsure shafi ɗaya ne, kuma magana ɗaya zai ɗauka. Abin da bai shiga gutsuren da maka ba, ba zai shiga shafi ba.

Na fara da tambayar kaina me kwamiti ke son sani. Su wane ne waɗannan matan? Akwai masu sayen man? Me za a saya da kuɗin? Ta yaya za su biya? Da na auna shafukan nan 27 da waɗannan tambayoyin, fiye da rabi ba su amsa ko ɗaya ba. Tarihin yadda muka faro daga adashi abin alfahari ne a wurinmu, amma wurinsa takardar da za mu miƙa musu a hannu, ba allo ba.

Akwai wata ƙa'ida da Guy Kawasaki, ɗan kasuwar Amurka da ya taɓa aiki a Apple, ya yaɗa ga masu neman jari: shafi 10, minti 20, kuma kada girman rubutu ya gaza lamba 30 a ma'aunin girman haruffa. Ban ɗauke ta a matsayin dole ba, amma ta 30 ɗin na riƙe hannu bibbiyu, domin ita ce ke hana cusa surutu. Rubutu mai wannan girman layi kaɗan ne ke cika shafi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kanun shafi. Da kalma ɗaya nake sawa: "Kasuwa", "Matsala", "Kuɗi". Wannan lakabi ne kawai, bai faɗi komai ba. Na mayar da kowanne cikakkiyar magana. "Kasuwa" ta koma "Masu shaguna suna neman fiye da abin da muke iya matsewa". "Kuɗi" ta koma "Naira miliyan 4.2 za su sayi inji biyu da janareto". Shafi mai kyau kamar rubutun bayan tirela yake, kafin ta wuce ka riga ka karanta kuma ka gane.

Da yamma na kira Hajiya, na karanta mata kanun kaɗai a jere, daga na farko zuwa na tara. In kanun su kaɗai sun ba da labarin, tsari ya yi. Ta saurara, ta ce, "To 'yata, wa zai tayar da injin? In ni ce mai kuɗin, shi zan fara tambaya." Babu shi a ciki. Muna da matashin da ya yi aiki a gidan niƙa wanda aka riga aka yi magana da shi, sai na ƙara masa gutsure. Goma ke nan.

Talata, 14 ga Janairu

Babu wuta tun jiya, kwamfuta ba caji. Na sa data ta ₦3,500. A waya na rubuta abin da za a faɗa da baki a kan kowane shafi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun yanke shawara shafukan da Hausa za su kasance, tunda da Hausa Hajiya za ta yi magana. Takardar hannu za ta zo da Turanci ma, saboda ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ba ya jin Hausa sosai.

Nan sabuwar matsala ta ɓullo. Salon haruffan da ya zo da samfurin, mai lanƙwashe-lanƙwashe, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Duk inda suka faɗo, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon daban. "Ƙungiya" ta fito da Ƙ siririya a gaban haruffa masu kauri, "kuɗi" kuma ɗ ɗinsa ya fi sauran tsawo. A kanun shafi, inda rubutu ke da girma, abin yana tsole ido. Alamar naira ma haka ta yi. Da na tura wa ma'ajiya ta buɗe a wayarta, wasu wuraren akwatuna ne kawai suka fito.

Wata ta ce a cire lanƙwasar kawai a rubuta k da d da b, ai kowa zai gane. Ban yarda ba. Takarda ce ta neman amana, kuma sunan ƙungiyarmu da Ƙ ya fara.

Abin da na yi: na rubuta layi ɗaya, "ƙuli-ƙuli, ɗanye, ɓawo, ₦", na riƙa sauya masa salo ina dubawa. Noto Sans na Google, wanda kyauta ne, ya fito da su duka daidai, kauri ɗaya tsawo ɗaya. Shi na zaɓa, shi kaɗai: mai kauri ga kanu, marar kauri ga sauran. Sai dai ba kowace kwamfuta ce ke da shi ba, saboda haka na shiga File, Options, Save, na kunna wurin da ke cusa salon haruffa a cikin fayil ɗin. Ƙanena ya kuma ƙara min madannin Hausa a Windows, na huta da kwafo ƙ daga wani wuri.

Jan layin da PowerPoint ke ja a ƙarƙashin kalmomin Hausa bai fitowa idan aka kunna nuni, babu abin damuwa a nan. Samfurin kuma na watsar da shi gaba ɗaya, na buɗe farin shafi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ranar hotuna. Na intanet ba namu ba ne: kwalabe masu sheƙi a kicin ɗin da bai yi kama da namu ba. Kwamiti zai gane, kuma zai fara shakkar sauran bayanin.

Na je wurin aiki da hantsi. Cikin rumfa da duhu, hoton ya fito dishi-dishi, tsakar rana kuma inuwa ta yanke fuskoki biyu. A bakin rumfa, inda haske ke shigowa ta gefe, nan ya yi kyau. Hazon hunturu ma ya taimaka, ya tausasa ranar. Kafin komai na goge idon kyamarar da gefen mayafi, don ƙura ta lulluɓe shi.

Na tambayi kowacce kafin in ɗauka. Wasu sun ce ba sa so fuskarsu ta fito, wata ta ce sai ta tambayi maigida. Sai na koma ɗaukar hannaye, kuma ashe shi ne ya fi. Hoton da na fi so na Inna ne, wadda ta fi kowa daɗewa a sana'ar: hannayenta biyu sun nutse cikin tunkuza, jijiyoyi sun tashi a bayan hannun, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsu yana taruwa a gefen kwano. Na ba shi shafi guda cikakke, da layi ɗaya a sama: "Da hannu muke matsa, shi ya sa muke mayar da oda". Ba na jin akwai sakin layin da zai yi wannan aikin.

Abu biyu na koya a daren nan. In za a ƙara girman hoto, ta kusurwa ake ja. Aka ja ta gefe, jarka sai ta koma tulu. Sannan hotunan waya suna da nauyi, fayil ya kumbura har ya wuce megabait 25 da Gmail ke karɓa. A Picture Format akwai Compress Pictures mai rage nauyin hotuna, na zaɓi 150 a ma'aunin kaifin hoto, fayil ya sauko sosai kuma ido bai ga bambanci ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Alƙaluma. Ma'ajiya ta so a sa teburin Excel ɗin nan yadda yake, wata 12 da layi takwas, don su ga ba mu ɓoye komai ba. Na fahimce ta, domin ita ta sha wahalar haɗa shi. Amma lambobi 96 ne a shafi ɗaya. Muka daidaita: teburin zai shiga takardar hannu cikakke, allo kuma zai nuna abin da teburin ke cewa.

Na fara gwada zanen da'ira mai yanka-yanka don nuna inda kuɗinmu ke tafiya. Yanka bakwai, launi bakwai, sai mutum ya riƙa kai ido gefe yana neman wane launi ne na me. Na mayar da shi sanduna a kwance, na jera daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, sunan kowacce a gefenta, adadinta a ƙarshenta. Duk na yi su ruwan toka, sai guda ɗaya da nake so a gani, kuɗin niƙa da na kai-kawo, ita na ba ruwan goro mai duhu. Ido da kansa yake faɗawa kanta.

Sanduna daga sifili suke farawa. In aka faro su daga tsakiya, ƙaramin bambanci sai ya yi kamar ninki biyu, kuma ma'aikacin banki ya san wannan dabarar sarai. Na kuma guji haɗa ja da kore, saboda akwai mutane, galibi maza, da ba sa bambance su sosai. Lambobi na dunƙule: miliyan 4.2 a allo, cikakken adadi har sule da kwabo a takarda.

Asabar, 25 ga Janairu

Gyaran jeri kawai. A View akwai Slide Master, can na saita wurin kanu da girmansa sau ɗaya, duk shafukan suka bi. Da kanun yana tsalle daga shafi zuwa shafi. Komai na jingina shi hagu, na sa lambar shafi a ƙasa, na cire duk wani motsi da juye-juyen shiga. Tambarin ƙungiya a shafin farko da na ƙarshe kawai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji da majigi na gaske, kuma na gode Allah da muka yi shi.

Mun ɗauko hayar majigi ₦10,000, muka aro aji a wata islamiyya da ke unguwa, muka zuba wa janareto fetur na ₦3,000. Da muka zo haɗawa, majigin kan VGA gare shi, mai shuɗin baki da ƙusoshi biyu, kwamfutar kuma HDMI kaɗai take da shi. Mata goma sha suna zaune suna jira. Ƙanena ya hau adaidaita zuwa Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano, ya sayo adafta ₦6,500. Sai bayan azahar muka fara.

Hoto ya fito, amma ƙarami, da baƙin fili sama da ƙasa. Dalili: tun daga na 2013, PowerPoint da faffaɗan shafi yake buɗewa, 16:9, wannan majigin kuma tsohon yayi ne, 4:3. Sai ya matse shafin don ya shiga, rubutu ya ƙanƙance.

Sai launi. Abin da ke da kyau a fuskar kwamfuta, a bango ya koɗe. Hasken taga ya cinye ruwan tokar da na yi wa sanduna har ba a ganinsu daga layi na uku. Ƙananan bayanan da na rubuta da toka-toka a ƙarƙashin zane sun ɓace ɗungurungum. Wani layi da na ɗora kai tsaye a kan hoton jarkoki ya narke cikin hoton. Inna da ke zaune can baya ta ce, "Ni dai hannuna na gani, sauran ban ga komai ba." Da na bar shuɗin bangon nan na farko da adon zinariyarsa, da abin ya fi haka muni, don majigi ba ya iya yin duhu a ɗaki mai haske, farin bango da baƙin rubutu su ne ke jure rana.

Daga ajin na kira jami'in banki na roƙe shi ya ɗauko min hoton bayan majiginsu da allonsu. Ya turo ta WhatsApp da yamma. Nasu ma irin wannan ne, VGA, allo mai kusan murabba'i, kuma ɗakin yana da manyan tagogi. Adaftar ba ta tafi a banza ba. Wannan tambayar ita ya kamata duk mai shirya irin wannan aiki ya fara yi kafin ya tsara shafi ko ɗaya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na shiga Design, Slide Size, na mayar da shi 4:3, na zaɓi Ensure Fit. Komai ya shiga amma ya tattakure a tsakiya, dole na bi shafi-shafi ina sake shimfiɗawa. Kanu biyu sun yi tsawo har layi uku, na rage musu kalmomi maimakon in rage girma. Tokar sanduna na ƙara mata duhu, ƙananan rubutu duk sun koma baƙi, waɗanda ba dole ba na share. Layin da ke kan hoto na sa masa farin faifai a ƙarƙashi.

Na fitar da kwafi na PDF, wanda ba ya sauya kama ko a wace na'ura aka buɗe shi. Yana filash, yana wayata, yana imel.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Bita a gidan Hajiya, da agogo. Karon farko mun haura minti 20, saboda gaisuwa da godiya sun ɗauki lokaci, kuma ba abin da za a yanke ba ne a gaban manya. Muka rage daga tsakiya. Hajiya za ta buɗe ta yi shafi uku na farko, ni in karɓi na lissafi, ita ta rufe da abin da muke nema.

Ta fara juya wa mutane baya tana kallon bango. Na kunna mata Presenter View, inda kwamfuta ke nuna wa mai magana shafin da ake kai, da wanda zai biyo, da ɗan bayanin tuni, su kuma jama'a shafin kaɗai suke gani. Na nuna mata harafin B: a danna shi allo ya yi baƙi, hankali ya dawo kan mai magana, a sake dannawa ya dawo. Ta ce da shi za ta yi gaisuwa.

An buga takardar hannu, kwafi 8, shafi shida-shida, ₦200 kowane shafi, ₦9,600. Filash ₦4,000, kuɗin adaidaita ₦4,000. Da data da haya da fetur da adafta, jimilla ₦40,600. Na ba ma'ajiya rasit.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun isa da wuri, aka bar mu muka haɗa kaya kafin kwamiti ya shigo. Hoto ya cika allo, ƙ da ɗ suna nan daram. Takardun hannu na riƙe su sai da muka gama magana, don kada a shiga buɗe-buɗe.

Mutum biyar ne. A shafin hannun Inna shugaban kwamitin ya cire tabarau ya ƙura ido, ya tambayi awa nawa mace ɗaya ke yi a kan kwano. Hajiya ta ba shi amsa da kanta, ta fi ni sanin wannan. Mun gama da saura kusan minti ɗaya.

Lambar shafi ta yi amfani. Wani ya ce a koma na bakwai, na danna 7 da Enter, ya fito nan take ba tare da an bi ta kan sauran ba.

Tambaya ɗaya ce ba mu da shafinta. Wata Hajiya a kwamitin ta ce, "Gyada da kaka take araha. In ta yi tsada da bazara, da me za ku biya kason watan?" Muna da amsa, domin mukan sayi wani kaso mu ajiye tun da kaka, amma da baki muka faɗa, babu alƙalami a gabansu, kuma na ga ba ta gamsu sosai ba.

Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Sun ce mu dawo da takardar farashi daga masu sayar da inji guda biyu, da lissafin biya a kan farashin gyada iri biyu, na kaka da na bazara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ma'ajiya ta fara tono farashin buhu wata-wata daga littafin bara. Zan mayar da shi zane mai layi ɗaya da ke nuna hawa da sauka, da alama a watannin da muke saye mu ajiye. Shafi na biyu zai jera kason wata da ribar wata gefe da gefe, sau biyu, na araha da na tsada. Duka biyun a bayan shafin ƙarshe zan ajiye su, su zama na 11 da na 12, a kira su da lamba in an tambaya.

Ranar Asabar ni da Hajiya za mu je wurin masu inji karɓo takardun farashi, in ɗauko hoton kowane inji da farantin da ke nuna ƙarfinsa. An ware ₦8,000 na mota da sake bugawa. Wannan karon ba sai mun yi hayar majigi ba, jami'in ya ce in zo ranar Laraba bayan la'asar in gwada a ɗakin da kansa.